Anti Kunne, Mai Buga Muryar Tsofaffi

Ƙarfe bakwai da rabi na safe take isowa, kafin masu shara su gama da baranda. Ɗakinta ne na ƙarshe a lungun ƙasa, tsakanin sito da injin hoton takardu, ɗakin da duk baƙon da ya shigo cibiyarmu ta binciken tsufa da naƙasa yake zaton nan ake ajiye tsintsiya. Takan rataye gyalenta a ƙusa, ta cire takalmin dama domin da ƙafar take taka abin tsayar da murya, ta goge tabarau, ta ɗora abin saurare a kunne. Daga nan har rana ta take ba ta tare da mu. Tana can ɗakin wani tsoho da ba ta taɓa gani ba, tana jin tarinsa da kukan kujerarsa, tana buga duk abin da ya fito daga bakinsa.

Aikinta ke nan shekara ashirin da bakwai. Ma'aikata su fita gida-gida su yi wa tsofaffi da masu naƙasa tambayoyi, su ɗauko muryarsu su kawo mata, ita kuma ta mayar da muryar rubutu. Ta fara da kaset da tafireta, ta ƙare da kwamfuta. Shi ya sa aka laƙaba mata Anti Kunne, sunan ya bi ta har masu gadi sun manta na yanka. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Da na leƙa jerin abin da za a tattauna a taron ma'aikata, sai na tarar maganar tafiyarta tana lamba ta tara, bayan maganar gyaran famfo. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, ni da muka yi shekara tara bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da nata, kuma ban ɗauke shi cikin sanyin rai ba.

Abin da ya fi ci mata tuwo a ƙwarya tun shekarar farko shi ne fom. Za a je gidan mutumin da ya haura saba'in, a tambaye shi wahalar da yake sha wajen zirga-zirga a gida, a ce ya zaɓi lamba daga ɗaya zuwa biyar. Mutum ya gyara zama, ya ji daɗi yau an zo jin ta bakinsa, ya fara bayani tiryan-tiryan, sai mai tambaya ya katse shi ya ce lamba kawai ake so. Sai tsoho ya yi shiru, ya ja numfashi, ya ce to a sa uku. Anti Kunne ta ce ta ji wannan “to, a sa uku” ya fi sau dubu, kuma ta gane ba amsa ba ce, sallama ce: abin da mutum ke faɗa ke nan in ya gaji da kai amma tarbiyya ta hana shi korarka. Takan ce tsofaffin garin nan kaf sun shiga uku a fom ɗinmu. Mu yi dariya, ita kuwa ko murmushi.

Ƙa'idar ofis ita ce duk abin da mutum ya faɗa wanda ba a tambaye shi ba, a rubuta “an tsallake” a wuce. Ba ta taɓa musu da ƙa'idar ba, ba ta kuma taɓa bin ta ita kaɗai ba. Kwafi biyu take bugawa: gajere ta miƙa sama, cikakke ta jefa a kabad ɗin ƙarfen da ke bayanta. Babu wanda ya sa ta, babu wanda ya taɓa nema. In an tambaye ta amfanin wannan wahala, sai ta ce mutum ya buɗe baki ya yi magana, ita wace ce da za ta ce bai yi ba.

Shekara shida da suka wuce cibiya ta ɗauki babban aiki a kan faɗuwar tsofaffi a gida. Farfesa ne ya jagoranta, shugaban cibiyar. Kada a ɗauka mugu ne. Mutum ne mai ƙwazo, yana riga kowa zuwa in ka cire Anti Kunne, sai dai abin da bai shiga jadawali ba a wurinsa bai faru ba. Ƙarƙashinsa akwai wata ƙaramar likita, sabuwar shiga, ita ke fita gida-gida da fom. Shekara uku ana tattara bayani, a ƙarshe aka haɗa kai da wani injiniya aka ƙera madogari: ƙarfe mai ƙafa huɗu da tsoho zai riƙe da hannu biyu yana turawa gabansa. An yi masa fenti mai kyau, an ajiye samfurinsa a baranda kowa na shafawa. Niyya ita ce a kai shi gida ɗari shida.

Anti Kunne ta fito za ta ɗebi ruwa ta gan shi, ta tsaya ta daɗe tana kallo. A gida tana da yayarta da ɓarin jikinta ya shanye, ita ke yi mata wanka kowace safiya kafin ta taho aiki, saboda haka ta san inda ƙafar mara lafiya ke cin amanarsa. Washegari ta zo da tef ɗin awo na ɗinki a jaka. Ta auna madogari, inci ashirin da shida. Ƙofar banɗakin gidanta, wadda ta auna da safe, inci ashirin da uku. Ta koma kabad ɗinta ta kwashe mako biyu tana bin cikakkun kwafi ɗaya bayan ɗaya a lokacin hutun cin abinci. A cikin mutum ɗari biyu da sha biyu da suka ce sun taɓa faɗuwa, ɗari da arba'in sun ambaci banɗaki da bakinsu. Fom kuwa akwati biyu ne da shi: cikin gida, ko waje.

Ta hau bene da takardunta ta sami Farfesa. Ya saurare ta yana duba waya, ya yi mata godiya, ya ce lallai tana da kula. Sannan ya ce, “Malama, wannan hira ce, ba sakamako ba. Ki bar mana wannan ɓangaren, ke ki ji da bugawa.”

Ta sauko ta ji da bugawa. Amma ranar ta cikin bango na ji yadda take dukan kwamfuta kamar ita ta yi mata laifi.

Aka fara gwaji da gida talatin. Cikinsu akwai wani tsohon kafinta ɗan shekara saba'in da takwas, hannunsa da ƙafarsa na hagu sun raunana, yana zaune da 'yarsa da jikokinsa. Bayan mako shida aka kawo wa Anti Kunne muryarsa, an manna 'yar takarda a kan fom ɗinsa: ya faɗi, bai bi ƙa'idar amfani ba. Ta ɗora abin saurare ta taka.

Abin da ta ji shi ne wannan. 'Ya'yansa sun yi murna da abin da likitoci suka kawo, sai suka ɓoye tsohuwar sandarsa, wadda shi ya sassaƙa da hannunsa, wai don ya saba da sabon. Ran nan da safe 'yar ta fita kai yara makaranta, ya tura madogari har ƙofar banɗaki. Ya gwada a tsaye bai shiga ba, ya gwada a karkace bai shiga ba. Buƙata ba ta jira, sai ya bar shi a bakin ƙofa ya dafa bango ya shiga hannu rabbana. Ƙasa a jiƙe. Ya zame ya sauka a kan hannun dama, mai lafiyar, wanda da shi yake cin abinci yake ɗaura wando, wuyan hannun ya karye. Ya kwanta a nan kusan awa guda har 'yar ta dawo. Duk wannan ya faɗe shi a nitse, babu fushi a muryarsa. Sai a ƙarshe ya ce, “Ai na faɗa wa yarinyarku tun bara cewa a ƙofar nan matsalar take. Ta ce lamba take so.”

A shekara tara ban taɓa ganin Anti Kunne ta cire abin saurare kafin lokacin hutu ba sai ranar. Ta shigo ɗakina ba takalmi a ƙafa ɗaya, ta tsaya a kaina ta ce an karya wa mutum hannu sannan an rubuta cewa shi ne bai bi ƙa'ida ba. Ta ce wace ƙa'ida, ta rushe bango? Na ce ta zauna ta sha ruwa. Ta ce in riƙe ruwana.

Sau uku tana hawa bene, sau uku ana ce mata Farfesa ya yi tafiya ko yana da baƙi. Saura kwana goma a yi zaman da za a amince a raba sauran madogarai. Sai ta kira ƙaramar likita ɗakinta, ta zaunar da ita a kujerarta, ta ɗora mata abin saurare. Ta fara kunna mata hirar bara, likita ta ji muryar kanta tana cewa, “Baba, lamba kawai muke so.” Sannan ta kunna mata ta bana. Likita ta cire abin ta kifa kai a tebur. Anti ba ta lallashe ta ba. Ta ce kuka ba zai ɗora hannu ba, kuma laifin ba nata ba ne ita kaɗai, fom aka ba ta ta bi. Abin da ya rage, ita ke da izinin kiran mutanen nan, to ta kira su ta tambaye su ko suna son zuwa su faɗi da bakinsu. Likita ta kira shida, biyar suka ce suna zuwa.

Saura wuri. Zauren taro yana hawa na biyu, matakala talatin da biyu, a cibiyar da ke binciken naƙasa. Anti Kunne ce ke buga takardar gayyata, sai ta rubuta ɗakin horo na ƙasa, ta ƙara da cewa fankar sama ta lalace. Ba ƙarya ta yi ba, fankar ta shekara biyu ba ta juya ba.

Ranar taro manya suka shigo suka tarar da baƙi biyar a layin gaba. Ga kafinta da hannu a rataye, 'yarsa na gefensa. Ga wata tsohuwar malamar makaranta da idonta ya tafi, tana zaune ƙyam kamar mai jiran a kawo mata littattafan gyara. Sauran uku duk daga gidajen gwaji suke. Farfesa ya kalli likita, ya kalli Anti Kunne da ke gefe da littafin rubuta bayanin taro, ya fahimci inda aka dafa abin. Amma mutum ne mai ladabi. Ya durƙusa ya gaishe su, ya ce zuwansu abin alfahari ne, in an gama za a ba su minti biyar.

Anti Kunne ta ajiye biro. “Ranka ya daɗe,” in ji ta, “shekara uku muna jin su a ƙarshe. Yau a fara da su.”

Kafinta ne ya cece mu. Ya tambaya ko akwai banɗaki a kusa, aka ce ga shi nan a lungu, har wani ya miƙe zai raka shi. Ya ce ba shi zai shiga ba, roƙonsa shi ne Farfesa ya ɗauki wancan ƙarfen ya shiga da shi, su gani. Farfesa ya yi 'yar dariya, amma ya tashi. Muka bi shi duu zuwa lungu, injiniya na baya. Farfesa ya tura madogari, ƙafafun gaba suka daki katakon ƙofa. Ya ja baya ya karkata, ya maƙale. Ya ɗaga shi sama zai shigar, sai kafinta ya ce, “Ɗana, da wane hannun zan ɗaga?”

Injiniya ya fara bayanin cewa an gwada shi a ɗakin kwanciyar marasa lafiya kuma ya wuce kowace ƙofa lafiya. Kafinta ya bar shi ya gama. Sannan ya ce shi ya yi shekara hamsin yana sa ƙofa a gidajen mutane, babu mai gidan da ya taɓa ce masa ya faɗaɗa ta banɗaki, kullum ragowar fili ake ba ta. Ya ce in da an tambaye shi, da ya ce a rage faɗin ƙarfen da inci biyar, a kafa mariƙi a bango daga ciki daidai ƙugun mutum, kada kuma a raba tsoho da sandar da hannunsa ya sani. Ya faɗi irin ƙusar da ke riƙe bangon siminti da wadda ba ta riƙewa. Injiniya ya lalubi aljihu ya fito da takarda ya fara rubutawa, tsaye a lungun banɗaki.

Da aka koma ɗaki malamar makaranta ta nemi magana. Ta ce sau huɗu mutanen cibiyar nan suna zuwa gidanta a shekara goma, ta ba su kujera, ta ba su ruwa, ta ba su labarin da ko 'ya'yanta ba ta ba. “Ban taɓa jin wanda ya dawo ya ce, Mama, ga abin da muka gano ba. Ina kuke kai muryata?”

Can Farfesa ya juyo ya tambayi Anti Kunne, da murya ƙasa-ƙasa, ko akwai sauran irin wannan bayani. Ta ce akwai na shekara ashirin da huɗu, ga mabuɗin kabad. Aka dakatar da rabon madogari a zaman nan.

Kada mai karatu ya ɗauka an yi mata tafi. Washegari jami'in mulki ya sauko da takardar tuhuma a rubuce da hannu, laifi biyu: sauya ɗakin taro, da shigo da waɗanda ba a gayyata ba. Da yake babu wani mai buga takardu a ginin, ita ya miƙa wa ta buga. Ta buga, ta gyara masa kuskuren rubutu guda biyu, ta sa hannu ta karɓa, ta amsa a layi uku. Takardar na nan a fayil ɗinta har yau, ita kaɗai ce shaidar da ofis ya ajiye ta abin da ta yi.

Bayan haka aka kafa kwamitin tsofaffi da masu naƙasa da zai riƙa zama da masu bincike, kuma a nan ne haƙurinta ya ga ta kansa. Gayyatar farko aka sa ƙarfe takwas na safe, lokacin da rabinsu ba a gama yi musu wanka ba. Ta mayar. Takardun zaman farko suka fito da ƙananan baƙaƙe kamar ƙwan kifi, shafi arba'in, cikin Turancin da ko mu sai mun karanta sau biyu. Ta mayar. Wani mai bincike ya gama tsara aikinsa kaf, sannan ya kawo wa kwamiti ya tambaye su launin da suke so a bangon rahoto. Wani ya gayyace su ranar da manyan baƙi za su zo, aka jera su aka yi hoto aka sallame su. Kowane ɗaya sai ta hau matakala talatin da biyun nan da ciwon gwiwarta ta je ta faɗa, ta sauko tana mita. Takan ce da ni masu ilmin nan abu ɗaya sai an koya musu shi kowace Litinin.

Amma an motsa. Yanzu babu fom ɗin da ke fita daga cibiyarmu sai an karanta wa kwamiti shi a bayyane, sun tsayar da mai karatu duk inda suka ga dama. Sun soke tambayoyi, sun ƙara wasu da ba mu taɓa tunaninsu ba. Duk gidan da aka ɗauko murya, ana komawa a faɗa musu abin da aka gano, malamar makaranta ce ke bin diddigi. Siririn madogari da mariƙin bango sun shiga gidajen nan ɗari shida, yayar Anti Kunne ma da irinsu take shiga banɗaki yanzu. Da rahoton ya fito, suna goma sha ɗaya ne a kansa, har da na kafinta da na malamar makaranta, bayan Anti Kunne ta kai ruwa rana da Farfesa a kan haka. Nata babu. Na yi mata ƙorafi, ta ce ita me ta faɗa, bugawa kawai ta yi. Hannun kafinta kuwa ya ɗoru, amma bai koma daidai ba. Yana riƙe cokali, ba ya iya ɓalle maɓallin riga.

Ke ce kunnen da bai yarda ya tsallake ba, Anti. Ke ce kika zauna a ɗakin da babu taga kika san gidajen garin nan fiye da waɗanda suka shiga su da ƙafarsu. Kin yi mana faɗa, kin hana mu sakat, kin sa manya sun tsaya a lungun banɗaki suna koyon aikinsu daga wurin kafinta. Kunnenki na hagu ya yi rauni a wannan kujera, ba ki faɗa wa kowa ba sai da muka lura kina juyo mana da dama. An ce na'ura ce za ta gaje ki. Mun gwada ta, tana da sauri, amma in tsoho ya yi shiru ya ja numfashi ba ta sanin cewa ya faɗi wani abu.

Da na gama wannan rubutu na kai mata ta duba, ina jiran ta ji kunya ta ce na yi yawa. Ta karanta a tsaye har ƙarshe, ta cire tabarau ta dube ni.

“Ka tambayi Baba kafin ka rubuta yadda ya faɗi a banɗakinsa?”

Shekara tara ina maƙwabtaka da ita, ban tambaya ba. Na naɗe takarduna na tafi gidansa, na zauna na karanta masa daga farko, 'yarsa na saurare daga bakin ƙofa. Ya ce in bar labarin yadda yake, ya yarda. Abu ɗaya ya sa na cire: inda na kira shi abin tausayi. Ya ce shi kafinta ne, in rubuta haka.

Mun gode, Anti Kunne. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya ƙara wa Yaya sauƙi, ya ba ki masu sauraronki ranar da kika buƙata. Ku kuma da ke tsara wani abu domin tsoho ko mai naƙasa, ko fom ne, ko gini, ko magani, ko rubutu irin nawa, kada ku jira sai wata mai buga takardu ta karɓi takardar tuhuma saboda ku. Ku je tun ba ku ja layin farko ba, ku nemi izini ku zauna. In ya fara magana, ku bar shi ya kai aya.